Kafin salansa, sayi tayoyin hunturu: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Winnipeg

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin an ba ka gurbin digiri na biyu a Jami'ar Manitoba da ke birnin Winnipeg, a ƙasar Kanada. Allah ya sanya albarka. Ka ce Baba ya yi maka alkawarin mota idan ka sauka, idonka kuma yana kan Ford Mustang, shi ne kake tambaya ko ka fara da sa mata salansa mai ƙara, ko manyan rim, ko a sauke ta ƙasa. Don Allah ka jingine waɗannan tukuna. Kuɗin farko da za ka kashe wa motar nan, na taya ne.

Mustang tayoyin baya ne ke tura ta, ga inji mai ƙarfin gaske, kuma motocin gudu irinta sukan fito da tayoyin lokacin zafi. Robar irin wannan taya tana fara tauri da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, alhali a Winnipeg cikin Janairu ba abin mamaki ba ne dare ya kai 30 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi tayar ba ta kama titi, wani lokaci har tsagewa take yi. Ka ɗan taka totur a kwana, bayan motar ya juya da kai. Ka taka birki a danja, ta ci gaba da sulalewa kana kallo.

Tayar hunturu ta gaskiya tana da tambari a gefe: dutse mai ƙololuwa uku da hoton dusar ƙanƙara a cikinsa. Bridgestone Blizzak, Michelin X-Ice da Nokian Hakkapeliitta duk sanannu ne a nan. Guda huɗu za ka saya. Wasu kan sa biyu a baya don rage kuɗi, sai motar ta iya tashi amma gabanta ya ƙi bin sitiyari, wannan kuwa sayen haɗari ne da kuɗinka. Ka haɗa su da rim nasu daban, masu araha, ka adana na asali zuwa bazara. Taya mai ɗan siranta da rim ƙarami sun fi ratsa dusar ƙanƙara, amma sai bakanike ya gwada ya tabbatar rim ɗin bai taɓa birki ba, domin birkin motocin gudu babba ne. A lardin Kebek doka ce a sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Manitoba ba ta tilasta ba, amma hukumar inshorar motoci ta lardin, MPI, tana ba da rance mai sauƙin ruwa domin sayen su. Na san kana gudun ruwa, na faɗa ne don ka ga yadda gwamnati ta ɗauki abin da muhimmanci. Tayoyi masu ƙusoshi kuma an yarda da su a Manitoba daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu.

Ko da ka sauya ra'ayi ka koma Subaru WRX mai ja da tayoyi huɗu, maganar ba ta canza ba. Jan tayoyi huɗu yana taimaka wa mota ta tashi, amma wajen tsayawa taya ce kawai ke aiki.

Na biyu shi ne na'urar ɗumama inji. Za ka ga motoci a nan da waya tana leƙowa ta gaba, wuraren ajiye motoci da yawa kuma suna da soket. Ana jona ta 'yan sa'o'i kafin fita don kada baƙin mai ya yi kauri, batir ya sha wahala. Ka tambayi dila ko motar tana da ita kafin ka sa hannu a takarda. Sannan ka manta da al'adarmu ta ɗura ruwan famfo a lagireto: zai daskare, ya kumbura, ya iya fasa inji. Ruwan wanke gilashi ma sai mai jure digiri 40 ƙasa da sifili. Ka riƙa duba iskar taya, tana raguwa duk lokacin da sanyi ya ƙaru.

Sauke mota ƙasa kuwa, ban yarda ba ko kaɗan. Ƙirjinta zai riƙa share dusar ƙanƙara a layukan unguwa, idan ta narke kuma ramuka su karya maka rim. Gara a fesa mata maganin tsatsa a ƙasa saboda gishiri da yashin da ake watsawa a titi. Taɓa kwamfutar inji don ƙara ƙarfi yana iya sa kamfani ya ƙi karɓar garanti, ga shi ƙarfin da take da shi ma ya fi abin da titin Janairu zai ɗauka.

Ka kama layi a shagon taya tun farkon Oktoba, domin ranar da dusar farko ta sauka kowa can yake tururuwa. Idan ka iso, za mu nemi fili babu kowa ka gwada birki a hankali, ka ji yadda yake karkarwa a ƙafarka kafin ka shiga babban titi. Ka gaida Baba da Mama.