Maganar Fim a Gaban Suruki

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso ni. Ka ce kun je gaida surukinka kuka tarar ana kallon wani fim ɗin tarihi a kan hawan sallar Kano. Da aka gama Alhaji ya yaba, ya ce ya daɗe bai ga aiki irin wannan ba, kai kuwa nan take ka ce fim ɗin cike yake da kuskure, tunda mai bayanin ya ce Turawa ne suka kawo hawan. Falo ya yi tsit, matarka ta sunkuyar da kai. Kana tambaya ko al'adarmu ta hana yaro faɗin ra'ayinsa kan fim a gaban manya.

Ba ta hana ba. Amma bari in fara maka da yadda muka taso, domin zaman da kuka yi ranar nan, suruki da siriki a ɗaki ɗaya ana kallon abu ɗaya, sabon zama ne a ƙasar Hausa.

Kallon farko da na yi majigi ne. Motar gwamnati kan zo bayan magariba, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, a nuna noman gyaɗa da auduga da tsabtar rijiya, wani mutum yana bayani da lasifika. Manya suna gefe kan tabarmi da kujeru, mata can baya, mu yara a gaba cikin ƙura. In an tashi kowa ya bi sa'o'insa, can ake musun abin da aka gani. Da muka zama samari sai silima, Plaza a Fagge ko Orion a Ƙofar Wambai, kuma a ɓoye ake zuwa, don a lokacin ɗan mutunci ba ya so a ce an gan shi a bakin silima. Hirar fim ɗin Indiya a teburin mai shayi take ƙarewa. Wa zai je ya ce wa mahaifinsa jarumin bai kyauta ba? Ai tona wa kai asiri ne. Talabijin ce ta tara uba da 'ya'ya da baƙi wuri guda, sannan kaset ɗin bidiyo na finafinan Hausa ya biyo baya daga 1990. Saboda haka kakanninmu ba su bar mana wata ƙa'ida ta hirar fim ba. Abin da suka bari shi ne ladabin magana a gaban babba, shi muke ɗorawa a kai.

Ladabin nan kuwa ka san shi. Babba ke fara magana, in ya yaba abu a gidansa, a gaban 'ya'yansa, ba a kwance masa zani a kasuwa. Da kakanka ne, da ka ja shi da musu har dare, dariya zai yi, don tsakaninku wasa ne. Haka taubashinka. Ni kaina da kake kira Kawu, kana iya ce mini ban fahimci fim ba, in ce kawo hujja. Suruki daban ne. Tsakaninku kunya ce. Mu a zamaninmu ko abinci ba ma ci a gabansa, in mun hango shi a hanya takalmi muke tuɓewa mu durƙusa. Yau an sassauta, har kuna zama falo ɗaya, amma kunyar tana nan, ita ce ka ga ta sauka a fuskar matarka.

Yanzu maganar kuskuren. Kana da gaskiya, sai dai ba duka ba. Kalmar "Durbar" da Turawa ke kiran hawan da ita daga Indiya suka zo da ita, kuma sun shirya taruka irin nasu da dawakin sarakunanmu. Hawan Nassarawa ma, da Sarki kan je gidan gwamnati, yana da alaƙa da ziyarar da akan kai wa Razdan, babban Baturen mulki na lardi. Amma hawan doki na sarauta ya riga su da ɗaruruwan shekaru. A Kano ana danganta tsarinsa da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Hawan Daushe, da Sarki kan je Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa sannan ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi jafi, wane Bature ne ya koya mana gaida uwa? Ko da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, a matsayin namu ta sa shi. To ka ga da ka tsaya ka rarrabe, da maganarka ta fi nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne ban tabbata ka ji abin da Alhaji ya yaba ba. Kai kunnenka yana kan mai bayani. Mutum mai shekarunsa idonsa yana kan dawaki. Yana ganin 'yan lifida da 'yan sulke, yana jin kakaki da algaita da harbin 'yan bindiga, yana tuna inda ya tsaya yana yaro a kafaɗar wani wanda yau ba ya duniya. Ni ma in aka nuno marigayi Ado Bayero a ƙarƙashin laima, wanda muka yi shekara 51 muna kallon hawansa, daga 1963 har 2014, wallahi ba na jin abin da mai bayani ke faɗa. In na ce fim ya yi kyau, wannan nake nufi. Da ka ce cike yake da kuskure, a kunnensa kamar ƙuruciyarsa ka kushe.

Ga yadda ake yi. Ka bari ya gama, ka yaba abin da ya cancanci yabo, hotunan ai ka ce sun fito. Sannan ka mayar da gyaranka tambaya: "Baba, na ji ya ce Turawa ne suka kawo hawan, haka kuka ji daga manya?" Ina mai tabbatar maka da shi zai fara ƙaryata mai bayanin, ya ƙara maka da abin da ba ya cikin fim ɗin. Wannan ba munafunci ba ne, domin ba ka ce baƙi fari ne ba. Ra'ayinka ya fita, girmansa bai zube ba. In kuma ka ga wurin bai dace ba, ka riƙe abinka har ku haɗu da abokanka a majalisa, can ka fece fim ɗin yadda kake so.

Kada ka aika saƙon waya na ban haƙuri, zai mayar da ƙaramin abu babba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka sayi goro mai kyau ka je kai kaɗai. Ka gaishe shi, ka zauna ƙasa, in hira ta yi hira ka tambaye shi a ina yake tsayawa kallon Hawan Daushe yana yaro, kuma tawagar wane hakimi ce ta fi burge shi. Abin da ya faɗa maka ka rubuto mini, ina so in ji ko a gefe ɗaya muke tsayawa. Ka gaida mini 'yata da mahaifiyarka.