Sayen Yadi A Ƙasar Waje: Amsoshin Tambayoyinku Na Wannan Mako

Tambaya: Anti, barka da aiki. Zan je Dubai na kwana biyar don haɗa lefen ɗana na fari, kuma ban taɓa zuwa ba. Ina zan dosa in samu leshi da shadda da yadi masu kyau ba tare da an yi min wayo ba? Daga wata uwa a Zariya.

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Kafin ki hau jirgi, ki ware yini guda ki shiga Kantin Kwari a Kano da littafi da biro. Duk abin da ke cikin jerin lefen nan ki tambayi kuɗinsa ki rubuta, ki ɗauki hotonsa a waya. Dalili shi ne, da yawa daga leshi da shadda da atamfar da za ki gani a Dubai ba a can ake yin su ba, daga Sin da Indiya da Koriya suke zuwa, kuma 'yan Kwari kwantena-kwantena suke ɗauko irinsu. Ke da za ki sayi turmi goma ki biya kuɗin kilo, da wuya ki fi mai kwantena samun sauƙi. Wanda bai san farashin gida ba, duk abin da aka faɗa masa a waje gani yake araha ce.

Idan kin sauka, ki bar manyan kantunan zamani masu sanyin AC don kallo da sayen turare. Yadi yana tsohon gari, a gaɓoɓin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai. A ɓangaren Deira akwai unguwar Naif, inda mutanenmu suka fi sauka, nan za ki samu abaya da gyale da mayafi da leshi, kuma ba za ki daɗe kina yawo ba za ki ji ana Hausa. Daga nan sai ki hau ɗan kwalekwalen da suke kira abra, kuɗinsa dirhami ɗaya, ki tsallaka Bur Dubai. Layin farko mai rufin katako da za ki fara cin karo da shi, yawanci kayan 'yan yawon buɗe ido ne, kuma masu shagunan akwai naci da kiran mutum. Ki wuce su da murmushi ki kutsa lungunan baya har zuwa Meena Bazaar, inda Indiyawa da 'yan Pakistan ke da shagunan yadi, siliki, boyel, da masu aikin duwatsu. Wasu shagunan sari kaɗai suke yi, ba sa yanka, don haka tun daga bakin ƙofa ki tambaya ko suna sayar da mita-mita.

Ga inda ake yawan samun matsala: awo. Mu da yadi muka saba, su kuma wani shago yadi, wani mita. Yadi ɗaya santimita 91 ne da 'yan kai, mita kuma 100. Turmin atamfa mai yadi 6 ya kama mita 5 da rabi ke nan. Sai kuma faɗi, wanda mutane ke mantawa. Yadi mai faɗin inci 44 da mai inci 58 ba ɗaya suke ba ko da tsawonsu ɗaya ne, mai ƙaramin faɗi sai kin ƙara tsawo kafin ya fitar da riga da siket da ɗankwali. Ki sa tef ɗin tela a jaka, ki tsaya a auna a gabanki, a warware ɗaurin ki duba ko akwai tabo ko inda zare ya ja.

Yawancin shagunan nan suna rufewa da rana tsaka su sake buɗewa bayan la'asar, ranar Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci harka ke kankama. Ranar farko kada ki sayi komai, ki zaga, ki karɓi katin shagon da ya yi miki, ki rubuta farashi a bayansa. Ciniki kuwa kamar gida, ki taya, a ce albarka, ki juya. In wani ya maƙale miki da cewa zai raka ki inda ya fi araha, ki sani la'adarsa a cikin kuɗinki za ta fito. Ƙasar tana da harajin kashi 5 cikin 100 a kan kaya tun 2018, kuma baƙo na iya karɓar mafi yawansa a filin jirgi idan sayayyar ta kai dirhami 250 a shagon da ya yi rajistar tsarin. Ki tambaya kafin ki biya, ki nuna fasfo, don ba duk ƙananan shaguna ke ciki ba.

Shawarata a taƙaice, atamfa da shadda ki bar wa Kwari. Kilonki ki kashe shi a kan abaya, mayafai, da yadin da kika tabbatar ba ki gan shi a gida ba.

Tambaya: Ni tela ce a Kaduna. Na koyi ɗinkin shimfiɗar gado ta haɗe-haɗen ƙyallaye a intanet, irin wadda ake sa auduga a tsakiya a bi ta da ɗinki. Zan ziyarci yayana a Ingila. A ina zan samu kayan wannan sana'a?

Ƙanwata, wannan tambaya ta yi min daɗi, don sana'a ce da ba ta yawaita a wajenmu ba alhali kayan aikinta na zube a ƙarƙashin kekenki. Zan dawo kan wannan.

Shagunan masu wannan ɗinki a Ingila ƙanana ne, kuma sau da yawa ba a tsakiyar birni suke ba, suna ƙananan garuruwa da bayan gari. Ki buɗe taswirar Google ki rubuta quilt shop ko patchwork shop tare da sunan garin yayanki, ki duba hotunan cikin shagon da ranakun buɗewa, don wasu ba sa buɗewa Lahadi da Litinin. In kin samu guda ɗaya, kin samu saura, domin masu shagunan sun san juna, kuma yawancinsu suna da ajin koyarwa na yini guda. Da za ki sa kuɗin yadi mita uku a irin wannan aji, da kin fi cin riba.

Idan Landan za ki, titin Goldhawk Road a Shepherd's Bush shagunan yadi ne a jere daga fitowa tashar jirgin ƙasa, akwai kuma kasuwar Walthamstow mai sauƙin kuɗi. A Birmingham akwai Rag Market. A Manchester akwai Abakhan, inda ake sayar da ragowar yadi a kan sikeli, wanda ga mai haɗa ƙyallaye ya fi komai dacewa. Kantin Liberty da ke Great Marlborough Street ki shiga ki taɓa audugarsu mai suna Tana Lawn, wadda aka raɗa wa sunan tafkin Tana na Habasha, amma kuɗinta sai an daure. In tafiyarki ta faɗo ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, ana yin babban baje kolin wannan sana'a, Festival of Quilts, a zauren NEC na Birmingham, 'yan kasuwar kayan suna haɗuwa a rufi ɗaya.

Za ki ga ana sayar da yadin a 'yan yanka-yanka a naɗe da kirtani, suna ce wa kowane yanki fat quarter, kusan santimita 50 da 55. Gwanin sha'awa ne, kuma nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. In kika lissafa huɗu a matsayin mita ɗaya kika juya fam zuwa naira, za ki ajiye da kanki. Ki tuna kuma Birtaniya ta daina mayar wa baƙi harajin kaya a filin jirgi tun farkon 2021, abin da kika biya ya tafi.

Abin da ya cancanci kilonki kayan aiki ne: wuƙar yanka mai zagayen kaifi da ƙarin reza, tabarmar yanka, rula mai faɗi ta roba mai layukan inci, da ƙafar keke ta musamman da ke jan sama da ƙasa tare don kada shimfiɗa uku ta tattare. Ki ɗauki hoton kekenki da lambarsa don a ba ki ƙafar da za ta hau. Wuƙa da almakashi a babban akwati za su shiga, in kika sa a jakar hannu a wurin bincike za a karɓe. Audugar tsakiya kuwa cin wuri gare ta, ki sayi ta gado ɗaya don ki san yadda mai kyau take, ki nemi makamanciyarta a gida.

Game da yadin kansa, atamfa mai kyau auduga ce zalla, kuma masu wannan ɗinki a Turai da Amurka suna sayen ta da tsada. Ragowar da kike sharewa kullum ita ce jarinki. Ki dai wanke kowane ƙyalle kafin ki yanka, saboda zuba da tsukewa, kada ja ya ɓata miki fari bayan kin gama wahala. In kuma wata rana hanya ta bi da ke Alƙahira, ki nemi titin Khayamiyya da ke kudu da ƙofar Bab Zuwaila, layi ne mai rufi tun ƙarni na 17, maza na zaune suna ɗinka ƙyalle a kan ƙyalle da hannu. Abin da za ki koya a awa ɗaya kina kallon yatsunsu yana da yawa.

Tambaya: Zan tafi Umra, maiɗakina ta ba ni jerin yadin da zan sayo mata da 'yan'uwanta. Ni kuwa ban san komai a harkar ba.

Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Ka ce ta yanko maka ɗan ƙyalle na kowane irin da take so, ta manna a takarda ta rubuta yawan mita a gefe, don launi a waya ƙarya yake yi. Shagunan da ke dab da Harami hayarsu tsada ce, kai za ka biya ta. Ka bari sai ka sauka Jidda ka shiga tsohon garin da ake kira Balad, wajen kasuwar Suƙul Alawi da ƙofar Bab Makka, ka miƙa takardar kawai. Akwai harajin kashi 15 cikin 100 a Saudiyya tun 2020, ka tambaya ko yana cikin kuɗin da aka faɗa maka. Abin da ba ka samu daidai ba, ka kira ta a bidiyo, kada ka yi shahada.

Tambaya: Ina zuwa Kwatano da Lome sarin atamfa. Yaya zan bambance Holan da gezna na asali da na jabu?

'Yar'uwa, Holan ta asali kamfanin Vlisco ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan, kamfanin da ya faro tun 1846. Gezna kuma ta Getzner ce a Bludenz ta Ostiriya, tun 1818. Atamfar Vlisco tana da sunan kamfani da lambar zane a bakin zanin, kuma lambar ta yi daidai da ta jikin takardar da aka manna. Ciki da waje launinta kusan ɗaya ne. Sai dai masu kwaikwayo sun ƙware, har tambari da takarda suna bugawa, saboda haka rubutu kaɗai ba hujja ba ne. Farashi ya fi rubutu faɗin gaskiya: wanda ya sallama miki Holan a rabin kuɗinta, ba Holan ya ba ki ba. Vlisco na da shagunan kansa a Kwatano da Lome, ki fara shiga can ki riƙe ta asali a hannu, ki ji nauyinta da laushinta, sannan ki shiga kasuwa a Kwatano ko kasuwar Asigame ta Lome.

Don gane auduga, ki roƙi ɗan zare daga bakin yadi ki fita waje ki kyasta masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi. Mai roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ki kuma goga jiƙaƙƙen farin hankici a jiki ki ga ko zai ɗauko launi. Kwaikwayo ba haramun ba ne a saya, akwai 'yan Sin irin su Hitarget da ke da masu son su, laifin shi ne a saye shi ko a sayar da shi da sunan na asali.

Tambaya: Jarina bai kai dala 3,000 ba. In tafi Guangzhou ko Istanbul?

Ɗan'uwa, da wannan jari ka zauna tukuna. Tikiti da biza da masauki da tafinta da kuɗin kago da kwastan za su cinye kusan duka kafin ka taɓa yadi. Kasuwar Zhongda a Guangzhou da ta Keqiao a Shaoxing ɗauri-ɗauri suka fi sayarwa, kuma suna rufewa na makonni lokacin sabuwar shekarar Sinawa tsakanin Janairu da Fabrairu. A Istanbul ma, Osmanbey da Zeytinburnu da Merter na masu sari ne. Ka haɗa kuɗi da amintaccen ɗan kasuwa mai zuwa, ya sayo maka a cikin kayansa ka biya shi ladansa, a rubuta komai a gaban shaidu. In ka juya kuɗin sau uku ko huɗu ka gane abin da kwastomominka ke ɗauka, sai ka sake rubuto min mu yi maganar biza.