Dodon Koɗin Teku Mai Satar Dafi da Maganar Fitsari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, ina aji uku a sashen nazarin dabbobi. Wata mai kamawa zan tafi Legas sanin makamar aiki, kuma an ce za a riƙa tura mu bakin teku ɗebo samfuri a jikin duwatsu da ginshiƙan gada. Na karanta cewa dodon koɗin nan marar kwanso da ke cin haidiroid, wato ƙananan dabbobin teku masu harbi da ke kama da reshe mai kawuna da yawa, yana tara dafinsu a jikinsa. Ina yaro rina ta taɓa harbina, fuskata ta kumbura har na kwana a asibiti, don haka hankalina ya ƙi kwanciya, mahaifiyata ma cewa take in fasa tafiyar. Abokaina sun ce in ya harbe ni in yi wa wurin fitsari, shi ke nan. Yaya yake cin abu mai dafi bai mutu ba? Kuma da gaske ne maganar fitsarin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka kwantar da hankalinka, ka kwantar da na Hajiya. Tafiyar ba abin fasawa ba ce, amma shawarar abokanka ce za ka fasa, kuma zan zo kanta.

Tunda ka san ƙwayar harbi, wato ɗan zaren dafin da ke naɗe cikin kwansonsa a jikin haidiroid, wanda in ya tashi sai ya soki abin da ya taɓa shi, bari mu tafi kai tsaye. Waɗanda kake nufi su ne dangin ayolid, masu tsirai reras a gadon baya, wato serata. Da ƙahonin shanshana biyu da ke kansa yake bin ƙanshin haidiroid a cikin ruwa. In ya iso sai ya hau reshen, ya kama kai guda da muƙamuƙansa, ya yanke, radula, wato harshensa mai jerin haƙora, ta ja shi ciki. Haka zai yi ta bi kai bayan kai, kamar akuya ta samu reshen gawo a ƙasa. Dangin Doto kuwa, wasu dodannin koɗin marasa kwanso, ba su yanka. Huda fatar reshen suke yi su zuƙe abin da ke ciki, kuma ba su tara makami.

Ana harbinsa, ba wai ba a harbinsa ba. Sai dai yauƙin jikinsa yana hana yawancin ƙwayoyin tashi, kuma an nuna wannan sarai a jikin wani ayolid mai suna Aeolidia papillosa, wanda yauƙinsa ke sauyawa ya dace da irin abin da yake ci. Bakinsa da maƙogwaronsa suna da shimfiɗar kaitin, wato abu mai tauri irin na ɓawon ƙwari, fatarsa da cikinsa ma akwai ƙananan ƙwayoyin kaitin masu tare harbi. Ƙwayoyin da suka tashi sai a narkar da su ko su fita a kashi. Waɗanda ba su tashi ba su ne dukiyar. Rassan hanjinsa sun shiga cikin kowane tsiro na bayansa, ta nan ake tura su har ƙarshen tsiron, inda wata 'yar jaka take haɗiye su ta ajiye. Ranar da kifi ya kawo baki, tsoka ta matse jakar, makamin haidiroid ya fashe a bakin kifi. Shi dodon bai ƙera ko ɗaya ba.

Akwai abin da ya fi wannan burge ni. A 2017 Trevor Willis na Jami'ar Portsmouth a Ingila da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan ayolid mai suna Cratena peregrina, wanda ke cin haidiroid mai suna Eudendrium racemosum a tekun Bahar Rum, wajen tsibirin Sisili. Da aka ba shi zaɓi tsakanin haidiroid mai yunwa da wanda ya gama cika cikinsa da ƙananan halittun ruwa, sai ya fi karkata ga wanda ya ƙoshi. Ashe jira yake wani ya yi farauta, sannan ya haɗiye mafarauci da abin da ya kamo. Lissafinsu ya nuna wajen rabin abincinsa filankton ne, wato waɗannan ƙananan halittun ruwan, abin da shi da kansa ba shi da hanyar kamawa. Duk shekara in na kawo wannan a aji sai ɗakin ya yi tsit.

Yanzu ga abin da ya shafe ka. Yawancin waɗannan dodanni ba su wuce tsawon gaɓar yatsa ba, kuma abin da suka tara ba ya yi wa fatar tafin hannu komai. Wanda zai fi samunka shi ne abincin nasu. Akwai haidiroid irin Macrorhynchia philippina, fari kamar gashin tsuntsu, mai kama da ciyawa marar laifi, amma in ya goge ka a damtse za ka ji kamar an ɗiga maka wuta. Sai Physalia, mai shuɗiyar jakar iska kamar balan-balan, wadda igiyoyinta kan kai mita 10, wani lokaci har 30. Sai kuma Glaucus atlanticus, shi ma ayolid ne, ɗan shuɗin nan da kuke gani a TikTok ana ɗora shi a tafin hannu. Bai wuce santimita 3 ba, yana yawo a rigingine a saman ruwa da kumfar iska a cikinsa, kuma Physalia ce abincinsa, don haka makaminta ne a jikinsa. A watan Agustan 2025 sai da aka hana shiga ruwa a bakin tekun Guardamar del Segura a Sifen saboda shi. Abin da hukuma ta rufe teku a kansa, shi wani yake ɗauka da hannu don a danna masa alamar so.

To, maganar fitsari. Wallahi na gaji da ita. Babu zangon karatun da zai wuce ban ji ta daga bakin ɗalibi ba, har ɗalibin da ya zana ƙwayar harbi a jarrabawa ya ci maki. Kai da kanka yi tunani da abin da ka karanta. In igiyar Physalia ta taɓa ka, kaɗan ne daga ƙwayoyin suka tashi. Dubbai suna nan manne a fatarka, a ɗane kamar tarko, jira kawai suke. Me ke tayar da su? Taɓawa, da sauyin sinadari, da sauyin yawan gishirin ruwan da ke kewaye da su. Fitsari kusan dukkansa ruwa ne, kuma ƙarfinsa ya danganta da abin da ka sha tun safe. Wanda ya wuni yana shan fiya wata a zafin Legas, fitsarinsa bai da maraba da ruwan famfo. Ka zuba shi, ka tayar da sauran da ke barci. Ƙwayar nan tashinta bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, babu wani janye hannu da za ka yi ka riga ta. Mutum da harbi ɗaya ya mayar wa kansa goma, sannan ya koma gefe yana cewa da bai yi fitsarin ba da abin ya fi haka.

Kuma abin da ke ba ni takaici, ba gadonmu ba ne. Kakanninmu a Katsina da Daura ba su san teku ba balle su bar mana maganin harbin halittunsa. Wani wasan barkwanci na talabijin a Amurka ne ya ƙara yaɗa zancen a 1997, intanet ta ɗauko, yau ga shi a bakin yaran da suka san fitsari najasa ne, waɗanda in ɗigo ɗaya ya taɓa wandonsu ba za su yi salla da shi ba. Amma an ce magani ne, sai su shafa a kan fatar da ta riga ta huje.

Ban yi mamaki ba, don hali ɗaya ne da abin da muke yi wa harbin kunama a nan gida. Na taɓa ganin yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, kunama ta harbe ta a ɗan yatsan ƙafa da magariba. Kafin a kai ta asibiti an tsaga wurin da reza, an zuba kalanzir, an fasa tsohon batir an shafa baƙin, an ɗaure ƙafar tamau da tsumma har ta yi sanyi. Zafin kunamar ya tafi cikin kwana ɗaya. Gyambon da aka yi mata ya fi wata ana wankewa. Wanda ya yi aikin kuwa an biya shi, an yi masa godiya. Irin waɗannan su ne yanzu suka buɗe shafuka, suna ba da fatawa kan dabbobin da ko a hoto ba za su iya bambancewa ba. Wani ya ce a goge da yashi, wani ya ce manja, wani ya ce ai in abin ya mutu a bakin ruwa ba ya harbi. Yana harbi. Physalia da rana ta busar a kan yashi tana iya harbi bayan kwanaki, domin ƙwayar ba ta neman izinin uwar jiki kafin ta tashi.

Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Muna koya muku haidiroid irin Obelia a jikin gilashi a ƙarƙashin madubi, rinanniya, matacciya, sannan a cika takardu a sa hannu a tura ku bakin teku, babu wanda ya zaunar da ku minti goma ya ce ga abin da za ku yi in an harbe ku. Takardar tafiya tana da gurbin sa hannu har huɗu, ba ta da gurbin safar hannu.

Ga abin yi. Ka fito daga ruwa. Ka ɗauraye wurin da ruwan teku, ban da ruwan sha, kuma kada ka murza. Ka cire ragowar igiyoyin da matsefata ko da safar hannu. Sannan ka tsoma wurin a ruwan zafi kamar digiri 45, wanda lafiyayyar fatarka za ta iya jurewa, na minti 20. An gwada wannan a Ostireliya a kan mutanen da Physalia ta harba, aka wallafa a 2006, kuma ya fi ƙanƙara rage raɗaɗi. Ruwan khal yana da amfani a harbin wasu jinsunan, amma a kan Physalia masana sun saɓa, don haka ka bi ƙa'idar wurin da aka tura ka. In numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko jiri, ko harbin ya samu ido, asibiti kai tsaye, kada ka tsaya jiran ganin yadda za ta kaya.

Tarihin rinar nan kada ka ɓoye shi. Dafin rina daban, na waɗannan daban, amma wanda ya taɓa kwana a asibiti saboda harbi dole ya ga likita kafin ya tafi. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko babban asibitin Daura, ka faɗi duk yadda aka yi, ka tambayi abin da ya kamata ka riƙe a jaka. Ranar farko ka sanar da mai kula da ku. Ka sayi safar hannu mai kauri, da takalmin roba rufaffe, da riga mai dogon hannu. In ka ga ayolid a kan reshe, ka yanko reshen gaba ɗaya ka sa a kwalba da ruwan teku, ko ka ɗauke shi da buroshin zane mai laushi, don in ka kama shi da yatsa zai zubar da tsiran bayansa, samfurin ya lalace.

Ka gaida Hajiya, ka karanta mata wannan da bakinka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.