Na'urar sikanin da ake jonawa da waya, za ta yi wa yaro mai shan kemo?

Tambaya: Salam Malam, ɗana mai shekara 6 yana da kansar jini, ana mai kemo, da ya ce cikinsa sai a tura mu sikanin. Na ga bidiyon wata 'yar na'ura da ake jonawa da waya, dan Allah in na saya zan iya duba shi a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Na'urar gaskiya ce, akwai Lumify ta Philips, akwai Butterfly iQ da FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta amince da ita a 2017. Sauti take turawa cikin jiki wanda kunne ba ya ji, amsa-kuwwarsa ta dawo, manhaja ta mayar da ita hoto. Ba ruwanta da tiririn da ke cikin hoton ƙashi ko CT, shi ya sa likitocin yara ke sonta, ko sau goma aka maimaita ba matsala.

Amma fa ban ba ki shawarar saye ba, don wayar allo ce kawai, aikin yana idon mai karantawa. Kin ga idan kemo ya karya fararen ƙwayoyin jini hanji kan kumbura a ƙasan ciki ta dama, likita zai auna kaurin bangon hanjin, ya haura milimita 4 an fara zargi, ya haura 10 abin ya yi tsanani, to wlh ni da nake kwana da na'urori ban isa in bambance wannan ba, dusu-dusu kawai zan gani. Maganin kemo na asfarajines kan kumbura wata gaɓa da ke bayan tumbi, wato fankiriyas, ko ya daskarar da jini a jijiya, nan kuma sai da Dofla mai nuna gudun jini. Doksorubisin, shi ma maganin kemo ne, zuciya yake taɓawa, dalilin da ake yin eko kenan, wato sikanin ɗin zuciya. Iskar hanji ma tana tare hoton, wani lokacin sai gwajin jini ya tona abin.

Abin da nake tsoro shi ne ki duba ki ga kamar lafiya ki kwanta. In zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ciwon ciki da amai ko gudawa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Ma'aunin zafi za ki saya, wayar kuma ki riƙa rubuta awo da lokaci a ciki kina nuna wa likitansa.