Tambaya da Amsa: Yaushe Mota Ta Fara Rage Hasken Fitilarta da Kanta?

TAMBAYA: Na shiga wata sabuwar mota da daddare, sai na lura cewa duk lokacin da wata motar ta tunkaro mu, fitilunmu kan sauka daga dogon haske zuwa gajere ba tare da direba ya taɓa komai ba. Shin wannan sabuwar fasaha ce, kuma ta yaya motar ke gane cewa akwai mai zuwa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Fasahar ta haura shekara saba'in, ko da yake sai a baya-bayan nan ta zama abin dogaro. Tun farkon ƙarni na ashirin masu ƙera motoci ke fama da matsalar hasken da ke kashe wa direban da ke tahowa ido. An sami ƙwan fitila mai zare biyu, na dogon haske da na gajere, a 1924, sannan daga baya aka sa makunni a ƙasa wanda direba ke takawa da ƙafar hagu. Amma duk wannan ya dogara ne ga direba ya tuna, kuma ya damu da ɗan'uwansa.

A 1952 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da na'urar da ya kira Autronic Eye a motocin Cadillac da Oldsmobile, kafin ta kai ga Buick, Pontiac da Chevrolet a shekara mai zuwa. Wani ɗan bututu ne aka girka a gaban direba, yana fuskantar hanya ta cikin gilashi, kuma a cikinsa akwai ƙwayar da ke mayar da haske ya zama lantarki. Idan hasken da ya faɗa mata ya wuce wani mizani, sai ta sa makunni ya sauke fitila, idan duhu ya dawo kuma ta ɗaga ta.

A nan ne wahalar take, kuma a ganina nan ne zuciyar labarin. Na'urar tana auna yawan haske ne kawai, ba ta san daga ina ya fito ba. Allon gefen hanya da ya mayar da hasken motar kanta, ko fitilar titi, duk suna iya ruɗa ta, har fitilu su riƙa sauka suna tashi babu dalili. A ɗaya ɓangaren kuma, jajayen fitilun bayan motar da ke gaba ba su da ƙarfin da zai motsa ta a kan lokaci, don haka mai tafiya a gaba yakan sha haske ta madubi. Daga baya aka gyara ta aka sa mata suna GuideMatic, tare da maɓallin da direba zai murɗa don daidaita saurin jin haskenta. Ford da Chrysler ma sun yi nasu, amma kafin ƙarshen shekarun 1980 fasahar ta kusa ɓacewa.

Kyamara ce ta farfaɗo da ita. Wajen 2005 aka fara ɗora ƙaramar kyamara a bayan madubin tsakiya, tare da kwamfutar da ke duba launin haske da matsayinsa da yadda yake motsi, ta yadda za ta bambanta fitilar mota da ta titi. Wannan ce mai yiwuwa ka gani. A 2013 Audi ta ƙara gaba a motarta A8, inda aka raba fitila zuwa ƙananan ƙwayaye masu yawa, ana kashe waɗanda ke kallon motar da ke tahowa kaɗai, sauran hanya kuma ta ci gaba da samun cikakken haske. Abin lura shi ne, Amurka, inda aka fara wannan tafiya, ba ta halatta irin wannan fitila ba sai a 2022, bayan Turai ta daɗe tana amfani da ita.

Sai dai ina roƙon direbobi su riƙe abu ɗaya da muhimmanci. Kyamarar tana neman haske ne, saboda haka mai tafiya a ƙafa ko mai keke marar fitila kan iya shan dogon haske a ido ba tare da motar ta sauke shi ba. Haka kuma hazo, ruwan sama mai ƙarfi, kwana mai tsanani, ko datti a gilashin gaban kyamarar suna rage mata gani. A irin waɗannan lokuta, direba ya sauke fitilar da hannunsa, domin motocin suna da makunnin yin hakan.