Me zai hana a riƙa sakin ruwan Tiga kullum?

Malam, ka tambaya me ya sa ba a barin ruwan madatsun Tiga da Challawa ya riƙa gangarowa kullum don mutanen Hadeja da Nguru su amfana. Ai sakin kullum ɗin ne ya jawo ɓarna.

Kafin a kammala Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kogin Hadeja kan cika da damina, ya malale fadama, ya ƙafe da rani. Manoman shinkafa, masunta da makiyaya duk da wannan tsari suka dogara. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda famfunan Kano da noman rani a Kadawa, ƙasa ta daina bushewa. Ciyawar kachala ta samu wuri, ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki ya yi sheƙa a cikinta yana cinye hatsi. Wani ƙauyen ambaliya, wani kuwa ruwan ba ya isa.

Abin da ya dace: a ware ruwan sha tukuna, a saki mai yawa a Agusta zuwa Satumba bayan an sanar da mazauna bakin kogi, a tsuke shi da rani, a yashe magudanan da kachala ta cinye.