Amsa: daga ina kan busasshen kifin nan yake zuwa?

Malam, ka tambayi asalin kan kifin da ’yan kudu ke kira okporoko, kuma kana son shigo da shi. Da yawansa daga arewacin Norway yake, irin su Rost, ɗan tsibiri a Lofoten da mutanensa ba su kai dubu ba, kamun kifi ne rayuwarsu tun kaka da kakanni. Daga Janairu zuwa Afrilu suke kamu, su rataye a kan katako iska mai sanyi ta busar, ko gishiri babu. Jikin yawanci Italiya yake tafiya, dangantakar tun 1432 da aka ceto Pietro Querini, wani ɗan kasuwar Italiya, a Rost bayan jirgin ruwansa ya nutse, kawunan kuma Najeriya.

Kar ka ajiye inda da laima wallahi fumfuna zai yi. Maganar takardu kuwa nemi ejan na kwastam da NAFDAC kafin ka tura kuɗi.